Kamun Baba da Kamun Baffa

Tun da masu walda suka kafa rumfa a bayan katangarmu, safiyata ta canja sauti. Hantsi bai gama ɗagawa ba injin yankan ƙarfe zai fara kuka, tartsatsin wuta na tsallako katanga yana faɗowa kusa da randata. Ba na jin haushinsu. Mutanen kirki ne, suna gaishe ni, kuma aikinsu suke yi, suna haɗa bodin manyan motoci na ƙarfe zalla, irin masu kai albasa Kudu. Abin da ke taɓa ni shi ne wurin da suka zaɓa. A daidai nan wata tsamiya take a da, a ƙarƙashinta kuma mahaifina yake sassaƙa. Ranar nan na ji ɗayansu yana ce wa abokinsa, da ƙarfi saboda ƙarar inji, wai kafin zuwan walda ba a taɓa haɗa komai na mota a garin nan ba. Na buɗe baki zan yi magana ta kan katanga, sai na fasa. Haka nake tun ina ƙarama, magana takan zo mini har maƙogwaro ta koma. Shi ya sa na nemi takarda.

A zamanin da nake faɗa, sautukan safiyar Boɗinga kaɗan ne, kuma kowanne na san mai shi. Na san dakan gidan liman, don ya fi na kowa sauri. Na san gugar da ke bugun bakin rijiya sau biyu kafin ta sauka. Na san gizagon Baba, mai sara ɗaya ya huta kamar yana tunani, da na Baffa ƙanensa, mai sauri kamar ana binsa. Mota kuwa ba ta cikin sautukan kullum, baƙuwa ce. Biyu ko uku ke wucewa a wuni a kan jar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta nufi Shagari, kuma tun tana nesa ake jin gunjinta, har mata su tsayar da tabarya su saurara. Direba babban mutum ne. Idan ya sauko ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, dattawa su kewaye shi suna tambayar labarin birni. Ba a tayar da mota da ɗan makulli kamar yanzu, sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hancinta, ƙato ya yi ta juyawa yana gumi har ta yi tari ta kama. Da damina, in an yi ruwa mai yawa, sai a sa shinge a hanya, mota ta kwana biyu tana jiran ƙasa ta sha iska, fasinjoji su zama baƙin gari. Yau jikata takan je Shagari ta dawo kafin tuwo ya nuna, kuma in na tambaye ta abin da ta gani a hanya sai ta ce ba komai.

Baba masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Turmi, tabarya, akushi, ƙotar fartanya, allon karatu, ƙyauren zaure, duk daga hannunsa suke fita. Bai taɓa riƙe rula ba. Ma'auninsa a jikinsa yake: kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa, sai taƙi, sai faɗin yatsa. Ni kuwa ina cikin 'yan matan farko da aka rubuta makarantar boko a unguwarmu, kuma ni ce 'yarsa ta fari. Wanda ya tashi yanzu ba zai gane nauyin wannan ba. Baba bai taɓa faɗin sunana ba. Ba ya kallona kai tsaye, ba ya aike na da bakinsa. In yana son ruwa sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa," ni kuma in kawo in ajiye a gefe in juya. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowane gida haka ake yi. Tun da aka yaye ni a ɗakin kakata nake, mahaifiyarsu Baba, wadda muke ce wa Inna Tsohuwa. Ita ce ke kiran sunana, ita ce ke zagina, ita ce kaɗai nake iya yi wa magana mai tsawo. Aikina bayan makaranta biyu ne: in kai wa su Baba abinci ƙarƙashin tsamiya in jira kwano, ran Alhamis kuma in wanke musu riguna.

Wata rana da la'asar, ana sauran 'yan makonni a fara cire albasa, wata irin mota ta shigo gari wadda ba mu taɓa ganin irinta ba. Tsirara take. Inji ne da sitiyari da tayoyi, sai wasu dogayen ƙarafa biyu da suka miƙe baya kamar haƙarƙarin raƙumi. Direban a kan akwatin sabulu yake zaune, ya ɗaure shi da igiya. A lokacin haka ake sayen babbar mota, ƙashinta kawai ke zuwa daga ƙetare, sai mai ita ya kai wa kafintoci su gina mata ɗaki da bodi na katako. Mai wannan motar wani Alhaji ne ɗan Shagari, falken albasa. Kafintocin birni sun ce masa layi ya yi tsawo, sai bayan Sallah, albasa kuwa ba ta san jira ba. Da ma Baba ne ya yi masa ƙyauren zaurensa, sai ya ce wanda ya yi ƙyauren nan zai iya. Garin bai yarda ba. Har a bakin rijiya na ji ana cewa mai sassaƙa turmi zai yi wa mota gida, to a shirya tabarya. Baba kuwa ya tafi tashar Sakkwato ya wuni yana shiga ƙarƙashin motoci yana shafa katako da hannu, ya dawo ba takarda ba zane, rigarsa duk baƙin mai, ya ce wa Alhaji a kawo itace.

Katakon daga Kudu aka kawo shi, ja ne mai nauyi, kuma ƙidayayye. A cikinsa akwai dogaye guda biyu waɗanda za su kwanta a kan ƙarafan motar su ɗauki komai. Babu irin tsawonsu a duk ƙasarmu, itatuwanmu ba sa miƙewa haka. In ɗaya ya lalace sai an koma Kudu, kafin nan albasa ta wuce, sunan Baba kuma ya bi ta. Lungunmu ƙanƙane ne, mota ba ta iya shiga, sai aka bar ta a bakin kasuwa, katako kuma aka jibge shi ƙarƙashin tsamiya. Saboda gaggawa suka raba aiki yadda ba su saba ba. Baba ya je wurin mota ya auna da hannunsa, yana sa alamar gawayi a jikin ƙarfe a kowane kamu, ya dawo ya faɗi lissafi. Baffa kuma ya auna a kan katako, ya sa tasa alamar, ya ja zarto. Sun shirya sai an gama yanka duka a kwasa gaba ɗaya a kai wurin mota.

Ranar da aka fara yanka na kai abinci na zauna bayan tsamiya, inda na saba, ina jiran kwano. Baffa ya riga ya yanka guntaye uku na gicciye, ya jera su, duk kansu ɗaya, gwanin sha'awa. Baba ya dawo daga kasuwa ya ce dogayen kamu goma sha biyu ne. Baffa ya durƙusa ya fara aza hannunsa a kan katako yana ƙirgawa, ni kuma idona ya tsaya a kan hannun rigarsa. Ni ke wanke rigunan nan. Idan na shanya su a igiya ɗaya, hannun rigar Baba kan kusa taɓa ƙasa, na Baffa kuwa a sama yake tsayawa. Na sha ganin haka ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Na ce wa kaina wataƙila tela ne, wataƙila ni ce ban san aiki ba, manya biyu da suka gaji sassaƙa ba za su rasa ganin abin da yarinya ta gani ba. Amma da na ɗauki kwano ban nufi gida ba. Na zari kara ɗaya daga dangar wani gida, na bi ta kasuwa, na jira direban ya tafi salla, na aza karan tsakanin alamun gawayi biyu na Baba, na karya shi daidai. Da na dawo su Baba sun tafi masallaci. Na aza karan tsakanin alamu biyu na Baffa. Ya zarce da yatsa biyu. Na gwada na gaba, haka. A makaranta an koya mana sau, kuma malaminmu yakan ce lissafina ya fi muryata ƙarfi. Yatsa biyu sau goma sha biyu, ya kusa kamu guda cur.

Na sami Inna Tsohuwa tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata duka, ina nuna mata karan. Ta saurara ba ta tsayar da mazari ba, sannan ta tuntsire da dariya.

"Yo ni za ki ba labarin hannuwan ga? Daga cikina sunka hito. Tun suna ƙanana babban ka ciro tsamiya, ƙaramin shina tsince."

"Inna, gobe da safe za su yanka. Ki gaya musu."

"Ni? Tun da ubansu yar rasu ban taka wurin sassaƙa ba, ba ni kau takawa yanzu in ce ma ƙattai ba su iya awo ba. Cewa za su yi tsuhwa ta kama ni."

"To ki aika a kira Baffa."

"In kira shi in ce mai mi? Hannunka gajere na? Wanga mai zuciya kamar barkono? Wa yag gani, ni ko ke?"

"Ni."

"To mai gani shi ka kaiwa. Ke da anka kai boko don ki iya magana, kin dawo kin hi da shiru. Bakin ga naki na cin tuwo na kaɗai?"

Na fara hawaye. Ta dube ni ta gefen ido, ta sassauta murya. "Ban ce ki kira sunan ubanki ba. Ban ce ki dube shi ba. Amma in anka yanke itacen ga kina kallo, har ki tsuhwa kina jin ƙarar zarton."

Washegari ya kamata a ce ina hanyar makaranta, amma na karɓi ƙwaryar kunu daga hannun ƙanwata na ce ni zan kai. Karan yana cikin zanena. Ban taɓa ganin mutane ƙarƙashin tsamiyar nan kamar ranar ba. An ji yau za a yanka dogayen, sai masu fatan alheri da masu jiran dariya duk suka hallara. Direban Alhaji na zaune a kan turmin da ba a gama ba yana cin goro. Baba na tsaye gefe yana wasa gizago. Baffa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon, ya saita haƙoran zarto a kan alamar gawayi, ya ce bismillah. Har yau ban san yadda ƙafafuna suka ratsa mazan nan ba. Na ajiye kunu, na durƙusa, na aza karan a kan katako, kansa ɗaya a ƙarƙashin zarton.

"Ke, ɗauke karanki, wurin wasa na nan?" in ji Baffa.

Ban ɗauke ba. Na dafe shi da hannu biyu, ina kallon ƙasa.

"Ɗiyar ga lahiya take? Ko malamin boko yab ba ki saƙo?"

Wani ya yi dariya. Na ji muryata ta fita ƙarama kamar ta wata: "Kamun Baba ne. Daga jikin mota na auno."

Ƙarar wasa gizago ta tsaya. Ina ganin ƙafafun Baba suna tahowa, faso a dugadugansa, garin katako a kan yatsunsa. Ya tsuguna kusa da ni, kusancin da ban taɓa samu ba tun da na yi wayo. Ya aza gwiwar hannunsa a gindin karan, doguwar yatsarsa ta sauka daidai kansa. Ya dubi alamar Baffa da ke baya da yatsa biyu. Ya daɗe yana kallonta.

"Aza naka," ya ce wa ƙanensa.

Baffa ya aza. Kowa ya gani. Na runtse ido ina jiran faɗa, don Baffa ba ya son a kunyata shi ko a cikin gida, balle gaban jama'a. Ya dubi hannunsa, ya juya shi gaba da baya kamar yau aka ba shi, sannan ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Inna! Kin ji abin da kinka yi? Kin ba babba hannu duka, ni kin ba ni saura!"

Daga cikin gida muryar tsohuwa ta fito: "Kai kaz zo da gaggawa, ba ka tsaya an ƙare ba!"

Dariya ta ɓarke, har direban ya ƙware da goro. A cikin dariyar Baffa ya janye zarton a hankali. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki karan, ya zaɓi wani guntun maɗaci, ya fere shi daidai tsawonsa, ya tsaga masa layukan yatsu da wuƙa, ya miƙa wa Baffa ya ce daga yau wannan ne kamun gidan nan. Guntayen ukun da aka riga aka yanka ba su kai faɗin mota ba, aka ajiye su don bencin direba. Ni kuwa na isa makaranta an daɗe da shiga aji. Malam ya ba ni tsintsiya na share fili ni kaɗai, ina shara ina murmushi.

Kwana ashirin da wani abu suka yi suna aikin. Ina kai abinci ina kallon mota tana yin jiki a bakin kasuwa. Baba bai yi bodin kamar na birni ba, wanda ake manne katako da katako. Ya bar tazarar yatsa biyu biyu a gefuna, irin yadda ake yin rudu, wato rumbun kara na ajiye albasa, ya ce kayan da za ta ɗauka suna numfashi. Ya ƙi yarda da ƙusa a inda nauyi zai zauna, sai ya fafe wannan ya zura wancan, maƙerin unguwarmu kuma ya ƙera masa maɗaurai na ƙarfe. Aka shafa mata kore, aka ja jan layi. Masu maganar tabarya su ne suka koma riƙe masa katako.

Ranar da za a kai ta Shagari, da hantsi, an loda mata buhunan albasa har sama don gwaji. Ina ɗakin Inna Tsohuwa ina jin hayaniya daga nesa, sai na ji takun Baba ya tsaya a ƙofa. Ya gaishe da mahaifiyarsa, sannan ya ce wa labule, "A ce ma ta ɗakin ga ta sa takalmi." Ranar na fara shiga mota. An zaunar da ni a gaba tsakanin direba da Baffa, ƙafafuna ba sa kai ƙasa, ƙamshin sabon katako da fenti da fetur da albasa duk sun haɗu. Da muka hau gargada haƙorana suka yi ta haɗuwa, itatuwa na gudu baya, garken shanu na watsewa, mata a gonaki na miƙewa suna sa hannu a goshi. Baba bai shiga gaba ba. A baya ya tsaya cikin buhuna, na riƙa hango shi ta 'yar tagar da ke bayan kaina, ya kafa kunne a jikin katako yana sauraron ko wani wuri zai yi kuka. Haka ya yi tun daga Boɗinga har Shagari, bai ga hanya ba sam.

A ƙofar gidan Alhaji jama'a sun cika. Ya gayyato wani tsohon kafinta daga birni, mai awo na naɗi a aljihu, don ya duba masa aikin. Mutumin ya zagaya motar sau biyu. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Ya auna dama, ya auna hagu, ya sake auna dama, ya kama gefen bodin ya jijjiga da duk ƙarfinsa. Ni ina laɓe bayan taya ina kallon bakinsa. Ya naɗe awonsa ya ce wa Alhaji dogayen sun zauna a kan ƙarfe kamar tare aka haife su, sannan ya juya ga Baba ya tambaye shi wurin wa ya koya.

"Wurin babana, Allah shi jiƙan shi. Turmi yak koya min."

Alhaji ya kama hannun Baba da hannu biyu. "Allah shi yi ma albarka, Malam. Kai da ƙanenka kun hid da ni kunya, kun hid da ƙasarmu kunya."

Baba ya sunkuyar da kai yadda ake yi wa babba. "Ranka shi daɗe, mu ukku munka yi ta."

"Ukku? Kai, shi, sai wa?"

Baba ya juya fuskarsa can wajen gonaki, gefen da ba na nan. Baffa ne ya turo leɓe wajen taya ya ce, "Ga ta can ta ɓoye, Alhaji. Wadda ba a hwaɗin sunanta." Duk taron ya juyo. Na ja gyale na rufe fuska har haɓa, kuma a cikin gyalen na ji tsayina ya kai na motar.

Bayan wannan an kawo wa Baba motoci tsirara da yawa, daga Shagari da ƙauyukanta har da birnin kansa, kuma an yi shekaru direbobi na gane bodin Boɗinga tun daga nesa. Duk sun ruɓe yanzu, ko an yi makamashi da su, ban san inda ko ɗaya ta rage ba. Amma an yi su, a garin nan, da hannun mutanen garin nan. Biyu daga cikin ukun sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinsu. Ta ukun ce ke ba ku labari.